Furen da ke kan nakiyar Memuna

Ba zan taɓa mantawa da bikin Memuna ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, mutanen gidanmu ba za su bar ni ba. Har yau idan aka kawo nakiya gidan suna a unguwarmu ta Koma, sai wata ta ɗaga ɗaya ta jujjuya, ta tambaye ni ko na gama da ƙarfen, akwai mota tana jira.

Lokacin na dawo Sokode ke nan daga makarantar horon malamai a kudu, ina jiran a tura ni inda zan fara koyarwa. Shekarun farko ne da sojoji suka karɓi mulki, takardu ba sa sauri, don haka na zauna a gida ina karance-karance ina kallon gajimare. Ni mutum ce da idan aka aike ni ɗebo ruwa, sai in tsaya ina kallon inuwar ganyen mangwaro tana rawa a cikin bokiti har a manta an aike ni. Ga tsince-tsince: gashin tsuntsu, dutse mai santsi, fasasshen tangaran mai shuɗin zane, duk ina jera su a bakin taga. Gwaggo Adiza, ƙanwar Baba, takan ce wata rana zan tsinto maciji in ce launinsa ne ya burge ni. 'Yar lakwal take kirana, wato 'yar makarantar boko. Yayana Isifu kuwa bai san min wani suna ba sai Madmazel, yadda Faransawa ke kiran budurwa.

A shekarar ne aka 'yanta Yaya Isifu daga garejin da ya koyi gyaran mota. (A wajenmu mai koyon sana'a ba ya tashi haka kawai. Sai an tara mutane an yi addu'a, maigidansa ya sallame shi a gaban kowa, ya ba shi wani abu daga cikin kayan aikinsa.) Baba bai taɓa son wannan sana'ar ba. Shi ɗan kasuwar goro da atamfa ne, haka ubansa, haka kakansa, kuma yana ganin ɗan gidan bai kamata ya wuni a kwance a ƙarƙashin mota kamar ƙadangare ba. Sai dai akwai wata tsohuwar bashe, irin ƙaramar motar kayan nan mai rufin tampol a baya, da ta daɗe a ƙofar gida ƙarƙashin mangwaro har kaji sun mayar da ita wurin ƙwai. Yaya Isifu ya tayar da ita. Da aka sa ranar kai Memuna, 'yar baffanmu da muka tashi ɗaki ɗaya, gidan mijinta a Dapango can arewa, sai Baba ya kira shi bayan sallar la'asar ya ce masa:

"Idan ta kai amarya a ranar da muka faɗa wa mutane, taka ce, ka yi jigila da ita. Idan ta kunyata ni, zan sayar da ita, kai kuma ka zo shago ka zauna."

Yaya Isifu ya fi tsoron shago a kan kurkuku. Ya ce ya yarda.

Ana saura 'yan kwanaki ya fita gwaji wajen hawan Bafilo, ya dawo fuska a ɗaure. Inji na ruri, mota ba ta tafiya, wato kuloci ya cinye. Ya ba wani direba saƙon sabon faifan kuloci daga Lome, shi kuma da abokinsa Kosi suka sauke akwatin giya, wanda mu a Sokode buwat muke ce masa, suka ajiye shi a kan tsohuwar taya suna jira. Kosi mutumin kudu ne, tare suka koyi aiki, tare aka 'yanta su, kuma shi ne zai karɓi tuƙi idan Yaya ya gaji a hanya. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu.

Ranar Talata da safe na fito zubar da shara sai na gan shi a kan katanga, can gefe, nesa da akwatin kayan aikin. Guntun ƙarfe ne da bai fi kamu ɗaya ba, baƙi, duk maiko, da tsatsa a tsakiya. Ba shi da mariƙi, ba shi da baki irin na sifana, babu wata alamar yana yin wani aiki a duniya. Amma wani gefen an yanke shi da zarto, kuma da na juya shi wajen haske sai na ga haƙora a kewaye, a jere, daidai wa daida, kamar ranar da yara ke zanawa a allo. Na danna shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar gindin randa. Da na ɗaga, ga fure. Na tsaya ina kallonsa ina jin tausayin wannan abu mai kyau da maza suka yar ba su ma san abin da ke jikinsa ba.

Na tafi da shi bayan ɗaki na dirje shi da toka, da yashi, da lemun tsami, na sake dirjewa, na tafasa shi a tsohuwar tukunya. Ya fito fari fat yana ƙyalli kamar cokalin gidan kwamanda.

A ranar ne mata suke haɗa nakiyar gara. An daka shinkafa, an zuba zuma da man shanu, gida ya cika da ƙanshin kimba da citta. Gwaggo Adiza na zaune a kan turmi tana ba da umarni, ana mulmulawa ana jerawa a cikin manyan kwanoni. Ni dama ba a ba ni aiki mai muhimmanci a irin wannan rana. Na matso a hankali, na ɗauki guda ɗaya, na danna mata ƙarfena. Gwaggo ta karɓa ta kai kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni inda na samo wannan abu. Da na ce a kan katanga na tsinta, da magana ta ƙare a nan. Amma ban taɓa ganin Gwaggo ta kalle ni da irin wannan idon ba. Sai na ji bakina yana cewa dabara ce irin ta makaranta, Faransawa haka suke yi wa kayan zaƙinsu.

"Ashe dai lakwal ɗin nan ba gajimare kaɗai ake koya muku ba," in ji ta. "To zauna, duka za ki yi."

Na wuni ina buga fure. Da yamma aka rufe kwanonin aka ɗaure su da zannuwa, domin gara ba a buɗe ta sai a gidan miji a gaban danginsa. Ƙarfen kuma na naɗe shi a hankicin da na yi wa ado da hannuna, na sa a ƙasan jakar tafiyata.

Faifan ya iso ranar Laraba da hantsi. Ba a jima ba na ji ana zazzage akwatin kayan aiki a ƙasa.

Abin da zan faɗa yanzu game da kuloci, na koye shi ne ta hanyar da ba na yi wa kowa fata. Faifan yana zama ne a bayan inji, a danne da wani murfi mai ƙarfi a ɗaure da notuna. A tsakiyarsa akwai rami mai haƙora. A gaban buwat kuma akwai wani ƙarfe da ya fito kamar hanci, shi ma mai haƙora, wanda dole ya ratsa ta ramin faifan ya wuce ya zauna a wani ɗan gurbi a jikin inji. Idan aka ɗaure murfin alhali faifan ya karkace ko da kaurin farce ne, hancin ba zai shiga ba, ko da mutanen unguwa duka za su taru su tura. Shi ya sa kowane bakanike yake ajiye guntun hancin tsohuwar buwat. Sai ya zura shi ya riƙe faifan a tsakiya, ya ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, ya zare guntun, sannan a ɗaga buwat a kawo. Na Yaya Isifu shi ne abin da maigidansa ya ba shi ranar da ya sallame shi.

Na fito da niyyar taimako, na tambaye shi kamannin abin da ya ɓace. Bai ko kalle ni ba, ya ce ƙarfe ne baƙi, duk maiko, kamar kamu ɗaya. Ba zan ɓoye ba, wani abu ya ɗan motsa a can wani lungu na zuciyata. Sai na ce wa kaina nasa baƙi ne, nawa fari. Nasa kayan aiki ne, nawa tsintuwa ce. Abin ya koma ya kwanta. (Na ci jarrabawar lissafi da ta ilimin tunani duka, ina da takarda.)

Babu wanda ya kai ni nema. Na duba cikin kwata, na ɗaga kaji daga kan ƙwai, na leƙa rijiya. Da na ga ransa ya ɓaci sosai, na tsaya a gaban mutanen da suka taru na ce masa ya kwantar da hankalinsa, duk wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, ko ya kwanta a kan auduga zuciyarsa ba za ta yi barci ba. Maganar ta yi min daɗi a baki har na maimaita ta. Sannan, don kada a ce ban kawo wani abu mai amfani ba, na ƙara da cewa na ga Kosi a wajen katangar nan jiya. Gaskiya ne na gan shi. Alwalar Yaya yake jira ya gama.

Yaya Isifu bai ce Kosi ya ɗauka ba. Tambayarsa kawai ya yi ko ya ara ya manta. Kosi ya ce shi yana ara, amma ba ya mantawa, kuma ba ya ɗauka a ɓoye. Yaya ya ce ai kowa ya san tun ranar sallama Kosi yake cewa shi ya kamata a ba wa guntun. Kosi ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, ya ninke tsumman ya ajiye a kan mota, ya hau kekensa.

To, buwat ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba ne. Yaya ya daidaita faifan da ido, ya kira mahauta biyu maƙwabtanmu, ƙarti masu saɓa cinyar sa kamar ba komai. Ya kwanta a ƙasa buwat na kan ƙirjinsa, su suna tallafe da gindinta. Ta tafi, ta tafi, sai ta tsaya, saura kamar yatsa biyu ta haɗe da inji. Ɗaya daga cikin mahautan ya ce a sa notuna a ja ta da ƙarfi mana, ai ƙarfe ne. Yaya ya ce idan aka ja ta da noti, ko faifan ya lanƙwashe ko bakin buwat ya tsage, kuma babu wani a kusa sai Lome. Aka sauke, ya kwance murfi, ya ɗan matsar da faifan, ya ɗaure, aka sake ɗagawa. Yatsa biyu. Haka aka yi ta yi har mahautan suka ce kasuwa na jiransu. Ni kuwa na kawo masa kunu, na ce masa wahala ita ce ke wanke zuciya. Daren nan na yi barci har da mafarkin kogi.

Alhamis ita ce ranar tafiya. Gari ya waye, an yi wa Memuna lalle, an fito da kaya an jera a zaure, buwat kuma tana kan taya. Baba ya ba direban wata babbar mota saƙo zuwa Dapango cewa a yi haƙuri. Kowa ya san dangin ango fataken shanu ne, kuma sun riga sun kayar da sa. Baba bai yi faɗa ba. Ya tsaya a kan Yaya Isifu ya ce bakaniken da bai san inda ya ajiye kayan aikinsa ba, gara ya zo inda kaya ke kan kanta a jere. Ya ce duk ranar da motar ta tashi zai bi mu, akwai kawun ango da ya daɗe yana taya motar. Gwaggo ta ce masa tun yaushe uba ke raka amarya. Ya ce shi ba amarya zai raka ba, mota zai raka.

Da hantsi sai ga Kosi. Bai gaida Yaya ba. Ya gaida Baba, ya ce shi ya yi alkawarin tuƙa amarya, kuma amarya ba ta yi masa komai ba. Ya wuce kai tsaye madafa, ya fito da muciyar Gwaggo Adiza, wadda ta zo da ita tun daga gidan mijinta na fari, ya zauna a gindin mangwaro ya fara fiƙe kanta da wuƙa. Gwaggo ta fito tana tambaya ko mutanen kudu da wuƙa suke tuƙa tuwo. Ya ce mata, "Gwaggo, ka yi haƙuri, Isifu zai saya maka sabo." Ya ci gaba da fiƙewa yana gwadawa a ramin faifan, ya kankare, ya sake gwadawa, har itacen ya shiga cif. Ya miƙa wa Yaya ba tare da ya dube shi ba.

Suka ɗaure murfin, suka zare muciya, suka shiga ƙarƙashi su biyu. Ana bukatar wanda zai riƙa juya ƙarfen bayan buwat a hankali don haƙora su sami juna, kuma wurin ya matse, hannun namiji ba ya shiga da kyau. Aka kira ni. Na durƙusa a kan buhu na zura hannu. Kosi na cewa, "Madmazel, ka juya. Kaɗan. Ka tsaya. Ka koma baya." Can sai na ji wani ɗan ƙas a tafin hannuna, buwat ta zame gaba ta haɗe da inji da wani sauti mai taushi kamar an rufe tukunya da murfinta. Na tashi ina jin cewa in ba don ni ba, da auren nan bai yiwu ba.

Kafin a mayar da sauran kaya la'asar ta wuce, kuma a lokacin shingayen sojoji ba sa barin tafiyar dare. Sai asubar Juma'a muka tashi. Baba na gaba tsakanin direbobi biyu da ba sa magana da juna, mu mata muna baya ƙarƙashin tampol tare da kwanoni, Memuna na kuka a lulluɓe, rabi na rabuwa da gida, rabi na kunyar makara. Motar ta hau Bafilo ba ta ko yi tari ba. A shingen da ke kusa da gadar Mango, Yaya da Kosi suka shiga rumfa da takardu, wani soja ya leƙo baya ya tambayi abin da ke cikin kwanoni. Gwaggo ta zura hannu ta gefen zane ta ciro masa nakiya ɗaya. Ya juya ta ya ce bai taɓa ganin irinta ba, har yana jin tausayin ci. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Mun wuce Bombuwaka rana na faɗuwa, muka shiga Dapango ana kiran magariba.

An karɓe mu da mutunci, irin mutuncin da ke da sanyi a ciki. Wata tsohuwa ta ce mana naman jiya yana nan an soya, ba ya lalacewa, sai dai baƙin da suka zo daga ƙauyuka sun koma.

Washegari da safe aka buɗe gara a tsakar gida. A nan fuskoki suka fara sakewa. Matan suka yi ta miƙa wa juna nakiya suna kallo, wata ta ce rana ce, wata ta ce furen kabewa ne. Gwaggo ta zauna ta baje, ta ce ai su a Koma ba sa kawo abu yadda kowa ke kawowa, ga 'yar lakwal ɗinsu nan, ita ta zo da shi daga wajen Faransawa. Aka sa ni a tsakiya. Na yi bayani a kan yadda ido ke fara cin abinci kafin baki. An ɗebi faranti ɗaya an kai wa maza a waje, inda Baba da kawun ango suke zagaya mota suna ƙwanƙwasa ta.

Abin da ya faru a can, Kosi ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce ya ɗauki ɗaya zai kai baki sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya taka ya je ya ajiye ta a kan murfin inji a gaban Yaya Isifu, ya koma ya zauna. Yaya ya duba, ya ɗauka, ya sa farce yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wanda ya ɗan gutsure tun zamanin maigidansu. Ya ce wa Baba yana roƙon a kira wadda ta yi wannan ado.

Ƙanwar ango ce ta shigo ta ce maza suna son ganin mai furen, kuma ta taho da abin da ta yi shi da shi. Gwaggo ta gyara min mayafi da hannunta. Na ɗauko hankicina daga jaka, na riƙe shi da hannu biyu kamar jariri, na fita. Mata suka biyo ni har bakin zaure don su ji yabon da za a yi.

Maza sun fi ashirin a ƙarƙashin bishiya. Na durƙusa na gaishe su. Baba ya ce, "Uwata, da me kika yi wannan?"

Na warware hankicin. Rana ta bugi ƙarfen ya yi walƙiya.

Ban san ko akwai wanda ya taɓa jin hankalinsa yana isowa a makare ba, kamar baƙon da ya zo bayan an kwashe kwanoni. Na ga fuskar Yaya, na ga ta Kosi, na dubi abin da ke hannuna, sai na gan shi baƙi, duk maiko, kamar kamu ɗaya.

Yaya Isifu ya karɓa, ya juya shi, ya kai hanci. Ƙanshin kimba yake yi.

"Madmazel," ya ce, "kin wanke shi."

"Da toka da lemun tsami," na ce. Har yau ban san dalilin da ya sa na ba da wannan amsa ba.

"Yana ina ranar Laraba?"

"A jakata."

"Da kike leƙa rijiya?"

Kosi ya gyara zama ya ce, cikin ladabi, shi tambaya ɗaya gare shi. "Madmazel, ranar nan ka yi barci?"

Kawun ango, wanda ya riga ya ci uku yana riƙe da ta huɗu, ya nemi a yi masa bayani. Yaya ya yi masa, tun daga faifai har muciya. Tsohon ya dubi nakiyar hannunsa, ya dubi ƙarƙashin mota, ya tambaya ko wannan da suka ci daga can ciki ya fito. Aka ce masa e. Ya jefa ta baki, ya ce shi dai bai taɓa cin mota mai daɗin wannan ba. Dariyar ta fara daga wajen maza ta shiga zaure ta ratsa har tsakar gida, na ji ana fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa da yaren Moba na mutanen garin. A bayana kuma muryar Gwaggo ce kawai nake ji, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Faransawa. Ni Adiza, da bakina na ce Faransawa."

Baba bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce wa kawun ango ya yi haƙuri, motar ba ta sayarwa ba ce. Ya ce makarar da aka yi daga cikin gida ta fito, ba daga gareji ba, kuma yaran da suka haɗa mota da muciya ta hau Bafilo, bai ga abin da za su zauna yi a shago ba. Ya juya ga Yaya ya ce akwai wanda yake binsa magana. Yaya ya tashi ya je gaban Kosi, ya miƙa masa hannu, sannan ya miƙa masa guntun ya ce ya riƙe a wajensa, tunda shi Kosi ba shi da ƙanwa. Ni kuma Baba ya ce in je in ba Kosi haƙuri, in ba Gwaggo, in ba amarya, in ba masu gida, sannan idan da sauran rana in ba mahauta idan mun koma.

Na yi duka. Memuna ce kaɗai ta sauƙaƙa min. Ta ce a cikin lulluɓi ta yi ta dariya har ƙawayen ango suka zaci kuka take, suka yi ta yabon kunyarta.

A hanyar dawowa na zauna a can ƙarshen tampol ina kallon hanya, ban ga gajimare ko ɗaya da ya burge ni ba. Yaya da Kosi suna gaba suna ta hira kamar ba su taɓa ɓatawa ba. Sun yi shekaru suna jigila tare tsakanin Sokode da arewa a wannan bashe.

Da takardata ta fito, duk faɗin ƙasar nan ba a ga inda za a tura ni ba sai Dapango. Ranar da zan tafi Yaya Isifu ya miƙo min wani abu a naɗe cikin jarida. Guntun hancin wata tsohuwar buwat ne da ya yanke da kansa, ya goge bakin da kyau. Ya ce wannan nawa ne halak malak, in bar na mutane su yi aiki. Na so in jefa shi kogi a Mango, amma ban jefa ba, kuma gara da ban jefa ba, domin ban yi wata guda a garin ba matar liman ta aiko a tambaya ko metires, wato ni malamar makaranta, ta zo da ƙarfen, suna da biki.

Ban daina tsince-tsince ba, ƙarya ne in ce na daina. Sai dai yanzu idan na ga abu mai kyau a yashe, nakan ɗaga shi sama in tambaya da ƙarfi ko na wani ne. Idan kuma aka ce ana neman wani abu baƙi, kafin in fara wa'azi a kan ɓarayi, nakan tsaya in tuna abin da na wanke a makon.